Mahaɗin PDF yana buɗewa a Windows amma shiru a Ubuntu

Wa alaikumus salam. Malam, ka ce ka rubuta manhaja da Python da PyQt (kayan Qt na gina fuskar manhaja a Python), mahaɗin PDF yana buɗewa lafiya a Windows, amma a Ubuntu ɗin abokin aikinka ko an danna shiru kake ji. Wannan matsalar ta taɓa cinye mini kusan mako guda, shi ya sa zan ɗan tsawaita.

Ina kyautata zaton os.startfile ka sa. Shi na Windows ne kaɗai, babu shi a Linux (Ubuntu kuwa nau'in Linux ne), babu shi a Mac. Ni ma da shi na fara lokacin da nake yi wa wata makaranta a Gusau manhajar fitar da sakamakon ɗalibai. Kowane tsari da nasa umarnin: Mac yana da open, Linux yana da xdg-open. Kana iya duba sys.platform ka raba hanya uku, amma tunda Qt na hannunka, wahalar ba ta da amfani. QDesktopServices.openUrl kawai za ka kira, ita za ta miƙa fayil ɗin ga duk manhajar da mai kwamfutar ya zaɓa don karanta PDF.

Inda na fi shan wuya shi ne yadda ake ba ta adireshin. Na riƙa zuba hanyar fayil kai tsaye cikin QUrl, ashe idan ta ga C: a farko sai ta ɗauke shi tamkar http:, ba sunan faifai ba. Ga kuma foldar da malaman suka raɗa wa suna "Zango Na Biyu", da tazara a tsakanin kalmomi. Ranar da iyaye suka cika ofishin shugaban makaranta suna jiran sakamako, ranar abin ya ƙi, kuma wallahi ban ji daɗi ba, don mutane sun baro ayyukansu. Maganin layi ɗaya ne: QUrl.fromLocalFile, ka ba ta cikakkiyar hanya tun daga tushe. Kuma ka duba abin da openUrl ta dawo da shi. In False ne, ka nuna wa mutum saƙo da Hausa cewa ba a samu abin buɗe PDF ba, kada ka bar shi yana ta danna.

Idan mahaɗin a cikin QTextBrowser yake, wato akwatin Qt mai nuna rubutu da mahaɗai, sa setOpenLinks(False) ka kama anchorClicked da kanka, in ba haka ba zai yi ƙoƙarin nuna PDF ɗin a matsayin rubutu, ka ga tarkacen haruffa.

Sai batun haɗa manhaja da PyInstaller, wato abin da ke tattara ta don ta yi aiki ba sai an girka Python ba. In fayil guda ka yi, tana zazzage kayanta a foldar wucin gadi da ke sys._MEIPASS, ta goge ta idan an rufe. Abin da ke cikin qrc kuwa, wato fayilolin da Qt ke cusawa cikin manhajar kanta, manhajar waje ba ta ganinsa. Kwafe PDF ɗin zuwa wurin da QStandardPaths ta ba ka, sannan ka buɗe daga can.

In kuwa PDF ɗin a intanet yake, openUrl burauza za ta buɗe. Ni dai ban yarda da wannan ba a yanayinmu. Wanda ke Anka ko Maru yana fama da netwok da tsadar data, bai kamata ya sauke takarda ɗaya sau biyar ba. Sauke ta sau ɗaya ka ajiye. Kafin ka buɗe, karanta farkon fayil ɗin: PDF na gaskiya da %PDF- yake farawa. Na sha ganin shafin kuskure na HTML an ajiye shi da sunan pdf. Kada kuma ka miƙa wa openUrl duk mahaɗin da ya zo daga waje ba tare da ka tabbatar https ne ba, don a Windows tana iya tayar da fayil ɗin exe.

Ka buɗe Terminal a Ubuntu ɗin, ka rubuta xdg-open da sunan fayil ɗin, ka turo mini abin da ya fito tare da layin da ka kira mahaɗin. Zan duba bayan Isha'i in sha Allah.