Amsoshin Tambayoyinku: Sunan Jiha a Gaban Riga, 'Yan Wasa Daga Ko'ina

Ina zaune a jihar Connecticut da 'yata mai shekara 12, wadda ta shiga ƙwallon kwando a makaranta. Ta matsa sai na saya mata rigar UConn, wai ƙungiyar 'yan jiharmu ce. Ƙawarta kuma ta ce mata rigar Caitlin Clark ake yayi. Wacce zan saya? Daga wata uwa.

Hajiya, ki saya mata ta UConn ɗin, amma ki gyara mata dalilin. UConn ɗin Jami'ar Connecticut ce, ta jiharku, tana can garin Storrs, kuma babu ƙungiyar mata da ta kai ta cin kofin jami'o'in Amurka: sau 12 ke nan, dukansu a hannun koci Geno Auriemma. 'Yan wasan da suka ɗauko kofunan kuwa, yawancinsu baƙi ne. Diana Taurasi daga Chino a Kalifoniya ta zo. Sue Bird, Tina Charles da Breanna Stewart 'yan jihar New York ne. Maya Moore a Missouri aka haife ta, a Georgia ta yi sakandare. A wasan ƙarshe na 2025, da suka lallasa Carolina ta Kudu da ci 82 da 59, ukun da suka riƙe wasan su ne Paige Bueckers 'yar Minnesota, Azzi Fudd 'yar Virginia, da Sarah Strong wadda ta taso a Carolina ta Arewa. Kafin su an yi Nika Mühl daga Kuroshiya da Aaliyah Edwards daga Kanada. Connecticut ƙaramar jiha ce, mutanenta ba su kai miliyan 4 ba, ba za ta iya haifo gwanayen da za su ci kofi 12 ita kaɗai ba. Sunan da jami'ar ta yi shi ke janyo su daga nesa.

Wadda ta cancanci a kira ta 'yar gida ita ce wadda ƙawar 'yarki ta ambata. Caitlin Clark a West Des Moines ta jihar Iowa ta taso, ta yi sakandare a can, ta zauna a Jami'ar Iowa daga 2020 zuwa 2024, har ta tara maki 3,951, wanda ya zarce na kowa a babban rukunin jami'o'i, maza da mata. Ko ita ma, abokan wasanta 'yan wasu jihohi ne: Kate Martin daga Illinois, Gabbie Marshall daga Ohio, Monika Czinano daga Minnesota. Haka A'ja Wilson, wadda ta ƙi barin Carolina ta Kudu, ta ci musu kofinsu na farko a 2017, har aka gina gunkinta a ƙofar filin wasan. Dukansu biyun lamba 22 suka sa, kuma jami'o'insu sun jingine lambar a watan Fabrairun 2025.

Abin da ya sa na karkata ga UConn shi ne 'yarki za ta iya shiga mota ta je ta ga wasan da idonta. Clark kuwa ta gama jami'a, tana Indiana Fever, ƙungiyar ƙwararru. Sai dai ki kula da abu guda idan za ki biya: ki ɗauki rigar da babu sunan 'yar wasa a baya, ko ta wadda ta riga ta kammala. Tun 2021 aka sassauta dokar sauya jami'a, yanzu 'yar wasa kan tattara kayanta ƙarshen kaka ba tare da zaman jiran shekara ba. Angel Reese daga Jami'ar Maryland ta koma LSU, wato Jami'ar Jihar Louisiana. MiLaysia Fulwiley, haifaffiyar Columbia, garin da jami'ar Carolina ta Kudu take, wadda kowa ya ɗauka zama daram, ita ma LSU ta koma a 2025. Waɗanda suka sayi riga da sunanta sun ga ta kansu. Ki ƙara girman rigar da lamba ɗaya kuma, yarinya mai shekara 12 ba ta jiran riga.

Direba ne ni a Bronx. 'Yata tana aji na biyu a babbar sakandare, doguwa ce, kocinta yana yaba ta. Wani abokina ya ce in kwashe iyali mu koma Teksas ko Kalifoniya, wai daga can manyan jami'o'i ke ɗiban 'yan wasa. In tashi?

Malam, ka zauna inda kake. Abokinka ya ga gaskiya rabi. Teksas da Kalifoniya su ne jihohi biyu mafi yawan jama'a a Amurka, dole sunayensu su yi yawa a jerin 'yan wasa. Nneka da Chiney Ogwumike daga yankin Houston suka fito suka tafi Stanford, JuJu Watkins da Kiki Iriafen 'yan Los Angeles ne. To amma ka duba ƙungiyar da Dawn Staley, kocin Carolina ta Kudu, ta haɗa. A 2022 ginshiƙinta Aliyah Boston ce, daga tsibirin St. Thomas, wadda ta yi sakandare a Massachusetts. A 2024, da suka buga wasa 38 ba a doke su ko sau ɗaya ba, Kamilla Cardoso ce a tsakiya, daga Montes Claros a Brazil. LSU da ta ci kofin 2023 ta dogara da Reese 'yar yankin Baltimore da Flau'jae Johnson 'yar Savannah. Kocin da ya iya ɗaukar 'yar Brazil ba zai rasa hanyar Bronx ba, balle New York tsohon gidan ƙwallon kwando ne.

Masu horarwa ba jiha-jiha suke bi ba. Gasannin bazara na kulob-kulob suke zuwa, musamman a watan Yuli, inda ɗaruruwan ƙungiyoyi ke haɗuwa a babban zaure guda, filaye jere da juna, su kuma kocin jami'o'i na zaune a gefe da takardar sunaye suna yin alama. Kuɗin da za ka zuba a haya da ɗaukar kaya da neman sabon aiki, ka karkatar da kaɗan daga ciki zuwa kulob mai halartar irin waɗannan gasanni, da kuɗin mota da masauki, da takalmi mai kyau. Kafin ka biya kulob, ka tambaye su jami'o'in da 'yan wasansu suka shiga a shekarun baya, su faɗa maka suna da suna. Wanda ya fara kame-kame, ka wuce.

Wani lissafin da abokinka bai yi maka ba: gurbi 15 ne a kowace babbar ƙungiya, na duk azuzuwa huɗu. Idan cikakken tallafi bai samu ba, jami'ar gwamnati ta fi araha nesa ba kusa ba ga mazaunin jihar, kuma kai ka riga ka zama ɗan New York a takarda.

Daga Kaduna nake. 'Yata tana buga wa makarantarsu. Wani ejan ya ce zai samo mata gurbi a babbar jami'a a Amurka idan na biya kuɗi masu kauri, rabi yanzu, rabi bayan biza. Ya ce ai 'yan Najeriya sun cika ƙungiyoyin.

Alhaji, ka riƙe kuɗinka. Ba a sayen gurbin wasa a jami'ar Amurka. Koci ne ke ganin yarinya ya neme ta, jami'a ta aiko takarda, kuma sai hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'in Amurka, ta tantance sakamakon karatunta ta kuma tabbatar ba ta taɓa wasan albashi da ya saɓa ƙa'ida ba.

Sunayen Najeriya da ejan ke kaɗa maka, akasarinsu 'ya'yan da aka haifa a can ne. Arike Ogunbowale, wadda ta jefa ƙwallayen da suka ba Notre Dame kofin 2018, 'yar Milwaukee ce. Michaela Onyenwere a Colorado ta taso. Ezinne Kalu ta D'Tigress, ƙungiyar mata ta Najeriya, 'yar Newark ce, ita kanta kocin da ta kai su zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a gasar Olamfik ta 2024, Rena Wakama, a Raleigh aka haife ta. Hanya daga gida akwai ta, amma doguwa ce. Elizabeth Balogun daga Legas ta tashi, sai da ta yi sakandare a Tennessee aka gan ta, sannan ta shiga Georgia Tech, ta ƙare a Duke. Wasu kuma ta kwalejojin shekara biyu suke bi.

Ka nemi ejan ya ba ka sunan kocin, ka shiga shafin jami'ar da kanka ka ɗauko adireshin imel ɗinsa ka tambaye shi. Abin da ya cancanci kuɗinka a yanzu shi ne bidiyon cikakken wasa, daga farko har ƙarshe, ba guntayen jifa masu kyau kawai ba, da sakamakon WAEC mai ƙarfi, da fasfo. Kar kuma a ruɗe ka da labarin kuɗin talla da 'yan wasan jami'a ke samu tun 2021: mai bizar karatu dokar shige da fice ta ɗaure mata hannu a wannan fanni.

Na ga rigar Carolina ta Kudu ta 2024 a wurin masu gwanjo a Sabon Gari. Ya zan gane ta gaske ce?

Ƙanwata, duba tambarin kamfani a ƙirji. A kakar 2024 Under Armour ne ke yi wa jami'ar kaya, don haka in kika ga alamar Nike, ɗinkin wani wuri ne. Na Iowa, UConn da LSU su ne na Nike. Ki juya rigar ki duba ɗinkin lambar ta ciki, ki karanta sunan harafi-harafi, Cardoso lamba 10 ta sa. In jabu ce kuma ta yi miki kyau, ki taya ta da kuɗin jabu.