Ba a motsi na 14 ka rasa wasan ba, tun a na 5 ne

Ɗan'uwa, ka tambayi inda wasanka na gasar chess ya lalace, kana zaton a motsi na 14 ne. Ga yadda aka fara, kana riƙe da baƙaƙe (N doki ne, B bishof, Q sarauniya, K sarki; in ba harafinsa, soja ne; x ci ne, + hari kan sarki): 1.e4 e5 2.Nf3 Nc6 3.Bc4 Nf6 4.Ng5 d5 5.exd5 Nxd5. To, matsalar tana kan 5...Nxd5 ɗin nan.

Da ka ci sojan d5 da doki, ka buɗe wa farare ƙofar 6.Nxf7, wato su sadaukar da doki don su jawo sarkinka waje. Bayan 6...Kxf7 7.Qf3+ dole sarkinka ya fito e6 ya tsare dokin d5, sai 8.Nc3 ya ƙara matsi: sarauniya da bishof da doki na farare duk suna kai hari kan gida ɗaya, d5. Daga nan d4 za ta buɗe tsakiya, sarki kuma ba mafaka. Ana iya karewa da 8...Nb4, amma ga agogo yana ci, kuskure ɗaya ya wadatar.

Abin da ya dace shi ne 5...Na5. Ga yadda yake tafiya: 6.Bb5+ c6 7.dxc6 bxc6 8.Be2 h6 9.Nf3 e4 10.Ne5 Bd6. Ka ba da soja ɗaya, amma kayanka sun riga na abokin wasanka fitowa, dokinsa kuma korarsa ake ta yi. Ni wannan na fi yarda da shi. In ba ka son rigimar gaba ɗaya, buga 3...Bc5, nan 4.Ng5 kyauta ce, sarauniyarka za ta ɗauke dokin.

Wajen bita kuwa, kada ka fara da Stockfish, manhajar kwamfuta mai nazarin chess. Jera wasan a allo tukuna, ka rubuta abin da ka yi tunani a kowane motsi da mintocin da ya ci maka, sannan ka kunna kwamfuta ka gwada da nata.