Kafin ka yi tsalle, ka koyi buɗe baki

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa nake ɓata maka lokaci a kan alamar baki a wasan baseball, alhali kai burinka ka iya shawagi kana cafe ƙwallo kamar Ozzie Smith. Shi Ozzie, shahararren ɗan wasan Amurka, ya ci kyautar safar zinariya, wadda ake bai wa gwanayen tsaron fili, sau 13 a jere, daga 1980 zuwa 1992, amma ku yaran yanzu tsallensa kawai kuke kallo a waya.

Ba zan tsaya bayanin yadda ake durƙusawa a tare ƙwallon ƙasa ba, domin wanda bai san wannan ba bai kamata a ajiye shi a matsayin shotstof, tsakanin bes na biyu da na uku, ba (bes su ne tashoshin da mai gudu ke takawa kafin ya koma gida ya ci maki). Taku 90 ne daga bes zuwa bes, mai gudu yana cinye su cikin daƙiƙa huɗu da ɗoriya, saboda haka shawara takan ƙare tun ƙwallo tana hannun mai jifa. Idan akwai mai gudu a bes na farko, wanda zai iya zabura zuwa bes na biyu, kai ne za ka kare fuskarka da safar hannu ka dubi abokin aikinka mai tsaron bes na biyu: baki a rufe, ni zan tsare bes na biyu, baki a buɗe, kai ne.

A wasan ƙarshe na wata gasa, zagaye na tara, muna kunnen doki, suna da mutum a bes na farko da na uku. Mai bugu bahago ne, kuma a al'ada ni shotstof ya kamata in tsare bes na biyu, amma na lura duk ranar yana tura ƙwallo ta gefena, sai na wangale baki har muƙamuƙina ya yi ƙara. Abokin nawa kuwa yana can yana gyara hula yana kallon 'yan kallo. Mai gudu ya zabura, mai cafewa da ke bayan mai bugu ya sako jifa tsaf a saman bes, babu kowa a wurin, ƙwallo ta gangara tsakiyar fili, na bes na uku ya taka gida yana dariya.

Mai rubuta sakamako ya ɗora kuskuren a kaina, tunda bahago ne ke bugu. Shi kuma gogan ya yi gum a ɗakin sauya kaya, har yau bai ce uffan ba, ko da yake mun sha haɗuwa a wurin ɗaurin aure. Gobe ka zo da asuba tare da yaron da ke bes na biyu, kuma kada ka sauke safa daga fuskarka sai ka ga ya gyaɗa kai.