Fatawa: Harbin tsuntsu da bindiga da harbin faifan yumɓu

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni ina aiki ne a Ingila, maigidan da nake haya a wajensa dattijo ne Bature yana da wata tsohuwar bindiga mai baki biyu ta kakansa, ranar Asabar yakan ɗauke ni mu je filin da inji ke cilla faifan yumɓu sama a harbe shi. To yanzu ya gayyace ni harbin tsuntsaye na gaske a gona. Malam ya halatta in je? Kuma naman fa, tunda ba yanka aka yi ba?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan uwa, na faifan nan je ka abinka, babu komai. Abu ne marar rai, koyon saiti ne, kuma Annabi (SAW) yana kan mumbari ya fassara "ƙarfi" da Alƙur'ani ya ce a tanada da harbi har sau uku, hadisin Uƙba bin Amir a Muslim. Su kansu Turawan da tattabaru masu rai suke yi a da, a sake su daga akwati a bindige, sai 1921 dokar Ingila ta hana. Mu kuwa tun zamanin sahabbai aka gama wannan magana, Ibn Umar ya wuce wasu samarin Ƙuraishawa sun ɗaure tsuntsu suna gwada kibau a kansa, suna ganinsa suka watse, ya ce Manzon Allah ya la'anci wanda ya mayar da abu mai rai abin gwada saiti. Sai dai kar ku tara kuɗi kowa ya zuba wanda ya ci ya kwashe, kuma kar Azahar ta wuce ka a filin.

Naman kuma, bindiga ba ita ce matsalar ba. Malaman farko ba su san albarushi ba, abin da suka hana shi ne dunƙulen laka da ake harbawa, don buguwa yake ba ya huda, kamar dai dutsen danƙo da yaranmu ke jifan kurciya da shi, in ta mutu kafin a yanka mushe ce. Asalin yana hadisin Adiyyu bin Hatim: abin da kaifi ya huda ka ci, wanda gefen sanda ya buge kar ka ci. Da dalmar harsashi ta zo sai malaman baya suka saɓa, Dasuƙi malamin Malikiyya ya kawo saɓanin, su Ibn Gazi da Shehu Abdulƙadir Alfasi suka halatta saboda tana huda ta zubar da jini ta kashe nan take, kuma wannan nake bi, shi mafarautanmu masu adaka ke kai a kan fakara da zabin daji. Ka yi bismillah lokacin da za ka ja kunama, ka yi nufin tsuntsun ko garken duka, shikenan.

Inda nake so ka buɗe ido shi ne bayan tsuntsun ya faɗo. Da yawa ba sa mutuwa, za ka ga kare ya kawo shi a baki yana fuffuka, su kuma al'adarsu a murɗe wuya ko a ƙwala masa wani ɗan kulki a ka, to wallahi da an yi haka naman ya tashi daga halal ko da kai ka harbo da bismillarka, mauƙuza kenan, wato wadda aka buge ta mutu, da Suratul Ma'ida ta ambata. Saboda haka ka tafi da 'yar wuƙa mai kaifi irin wadda dokar can ta yarda, ka same shi da rai ka yanka. Wanda ya faɗa ruwa ka tarar ya mutu a ciki bar shi, ba ka san dalma ce ko ruwa ba. Sannan irin wannan farauta mutane ne a jere kowa na harbi a zuba a mota ɗaya, ka ware naka tun a fili. A mazhabar Malik abin da Ahlul Kitabi ya farauto ba a ci duk da ana cin yankansa, jumhur sun halatta, amma ni ban ga dalilin shiga saɓani ba alhali ga naka a hannu.

Saura niyya. Risala ta faɗa a fili, farauta don wasa makaruhi ce, wadda ba don wasa ba halal ce. Can akwai wuraren da ake kiwon tsuntsayen a sake su a daji don kawai masu kuɗi su zo su ƙirga nawa suka kakkaɓo a wuni. Ka tambayi dattijon nan kai tsaye, ina naman ke zuwa? In ci ake ko sayarwa, bismillah, ka harbi iya abin da tukunyarka da ta maƙwabta za ta ɗauka. In zubarwa ake, ka ba shi haƙuri ku tsaya a faifanku.

Bindigar kuma tunda tsohuwa ce a kai wa maƙerin bindiga ya duba ta, ba kowane harsashin zamani irinsu ke ɗauka ba, kuma ka tabbata kana cikin ƙa'idar lasisin ƙasar. In an zo hutun da suke zagayawa da giya, ka ja gefe da shayinka.

Wallahu a'alam.