Na Samu Aikin Kwastam, Kawuna Ya Ce Haramun Ne

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga Unguwar Rogo nake, a Jos. An ɗauke ni aikin kwastam, amma kawuna ya ce mai karɓar kuɗin fito ba zai shiga Aljanna ba. In kama aikin ko in haƙura?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kawunka ba da ka ya yi maganar ba. Abu Dawud ya ruwaito cewa mai karɓar maksi ba ya shiga Aljanna. Malamai sun yi magana a kan ingancin isnadinsa, wato jerin waɗanda suka ruwaito shi, amma hadisin Bagamidiya, matar da ta kai kanta wajen Annabi (SAW) ta yi iƙrarin zina, a Sahihu Muslim ya isa nuna girman laifin, tunda Annabi (SAW) ya ce ta yi tuban da ko mai maksi ne ya yi irinsa, da an gafarta masa. Sai dai maksi shi ne abin da ake tatsa daga fatake da ƙarfin tsiya, ba bisa haƙƙi ba.

Kuɗin da hukuma ta yanka wa kayan da ke shigowa kuwa yana da asali. Sayyidina Umar ya ɗora wa fataken ƙasashen da ba na Musulmi ba ushuri, kashi 10 cikin 100, daidai da abin da ake karɓa wajen fatakenmu a can. Karɓa daga Musulmi ne aka yi saɓani: wasu sun hana, Gazali da Shaɗibi sun halatta haraji idan baitulmali ya gaza kuma aka yi adalci. Nan na fi karkata. Kuma aikin ba karɓar kuɗi kaɗai ba ne. Akwai tare makamai, tiramadol da jabun magunguna a iyakokin Jibiya da Illela ko tashar jiragen ruwa ta Apapa, kuma mutumin Filato ba sai an yi masa bayanin ɓarnar bindiga ɗaya ba.

Don haka ka kama aikinka, albashinka halal ne. Inda nake ji maka tsoro shi ne shinge. Lokacin da Ibnul Lutbiyya ya dawo daga karɓar zakka yana cewa wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni, Annabi (SAW) cewa ya yi me ya hana shi zama a gidan iyayensa ya ga ko za a kawo masa kyautar. Duk na goron da direba ko ɗan sumoga ya miƙo maka, da kason da abokan aiki za su raba da yamma, cin hanci ne. Haka ƙwace buhun shinkafar da talaka ya saya a kasuwa don cin gidansa. Abin da babu rasit, kada hannunka ya taɓa shi, ko da oga ne ya ce ka karɓa. Wallahu a'alam.