Amsa ga Maman da ke tambaya kan buguwar kan ɗanta

Mama sannu da ƙoƙari, na karanta tambayarki cewa ɗanki ya bugu a ka sau biyu wajen ƙwallo tun yana firamare, yanzu yana buga wa jami'arsu amma ya koma shiru-shiru, ga saurin fushi ga rashin barci, ko akwai alaƙa. Eh Mama, tana iya yiwuwa, ni ma abin ya same ni.

Ina ɗan shekara 12 muka yi karo da gola, kai da kai, ban suma ba sai dai na ji kunnena yana ƙara, hasken rana yana sukar idona, koci ya zuba min ruwa a ka ya ce koma fili. A gida ba wanda na faɗa wa. Da na shiga aji biyu a jami'a na sake buguwa, wannan karon wallahi wata uku ba ni ba ne, sai in buɗe littafi in karanta layi ɗaya sau biyar bai shiga ba, in rufe ɗaki in kashe fitila ba na son ganin kowa, abokan tim suna cewa lalaci ne ko girman kai, kuma wannan maganar ta fi ciwon kan yi min zafi.

Likitar da ta duba ni ita ta fara tambayata ko na taɓa buguwa ina yaro. Ta ce ƙwaƙwalwa ce take girgizuwa a cikin ƙoƙon kai, yawanci ba a suma, hoton sikan ma ya kan fito lafiya lau, shi ya sa ake raina abin. Kuma wanda ya taɓa buguwa ya fi saurin sake buguwa. Wani babban bincike da aka yi a Ontario ta Kanada, ya fito a 2022, ya kwatanta yara 'yan shekara 5 zuwa 18 da suka bugu a ka da waɗanda suka ji ciwo a ƙashi ko gaɓa, na farkon sun fi shiga matsalar damuwa daga baya. A Amurka ma tun 2015 hukumar ƙwallon ƙafa ta hana 'yan shekara 10 zuwa ƙasa buga ƙwallo da kai.

Amma kada ki ɗora komai kan buguwar, karatu da gasar neman guri a tim da tsoron zaman benci su ma suna danne yaro, ni duk sun haɗu min. Ki kai shi wajen likita ku faɗi duk buguwar da ya taɓa yi da shekarunta, har wadda ya ɓoye miki, ki tambaye shi a hankali don 'yan wasa akwai ɓoye ciwo. In ya sake buguwa kada ya koma fili ranar, ya huta kwana ɗaya zuwa biyu sannan ya dawo tirenin sannu-sannu da izinin likita. In kuwa kin ji yana cewa ya gaji da rayuwa, don Allah a ranar za ku je asibiti, kada a bar shi shi kaɗai.