Albashi ya ƙaru, barci ya gudu: raki nake yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Wata bakwai ke nan da na samu aiki a wani kamfani, albashin ya ninka na inda na baro. Amma awa 12 nake yi kullum, kwana 6 a mako, kuma sai da dare ake faɗa mini ƙarfe nawa zan fito gobe. Barci ya ƙaurace mini, ga ciwon kai. A gida an ce in gode wa Allah, wasu na yawo da takardu ba su samu ba. Raki nake yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ba raki ba ne, kuma kula da lafiya ba ya warware godiya.

Lissafa: awa 72 kake yi a mako. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun bayyana cewa mai yin awa 55 ko fiye a mako, haɗarin shanyewar ɓarin jiki a gare shi ya fi na mai yin awa 35 zuwa 40 da kashi 35 cikin 100. Kai ka zarce wannan iyaka da awa 17.

Amma abin da ya fi damuna shi ne sanarwar daren nan. A Ingila, tun daga 1967 aka bi lafiyar ma'aikatan gwamnati maza kusan 18,000. Farfesa Michael Marmot da abokan aikinsa suka gano masinjoji da masu gadin ƙofa na mutuwa kusan ninki uku na manyan jami'ai, alhali duk suna da albashi da asibiti kyauta. Shan taba bai bayyana tazarar duka ba. Binciken da ya biyo baya ya nuna rashin ta-cewa a kan aiki na da hannu. Wanda bai san yadda gobensa za ta kasance ba, jikinsa a ɗarare yake kwana. Shi ya sa barcinka ya gudu.

Ban ce ka ajiye aiki ba. Zaman banza ma ciwo ne, ga iyali. Ka je a auna maka hawan jini a makon nan, kada ka tsaya ga maganin ciwon kai na kemis. Sannan ka samu shugabanka cikin ladabi, ka roƙi abu ɗaya tak: a riƙa fitar da jadawalin mako tun ranar Asabar. Wannan ba ya cin kamfani ko sisi. In an ƙi, fara cigiyar wani aikin kana riƙe da wannan, ko da albashinsa bai kai ba.